Ƙafar Tela

Litinin, da hantsi

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe abin da ba naka ba, tsaya ka ɗauki kacici-kacici. Labule ne, amma babu telan da ya ɗinka shi. A baki ake rataye shi, ba a ƙofa ba. Mai mura yana da nasa, wanda ake zaune ana jira ma yana da nasa. Baƙo ya zo ya tsaya a gabansa, ya yi godiya, ya juya bai ga komai ba. Mene ne? In ka kasa kada ka ba ni gari, na tsufa da tafiya.

Yau aka turo mana baƙi. Aikin babban ɗana ne, wanda nake kira Mai Waya don muryarsa kaɗai ke zuwa gidan nan. Shi ya amsa wa asibiti ba tare da ya tambaye ni ba. Wai makarantar masu haɗa magani tana tura ɗalibai gidajen masu ciwon sukari, su ga yadda ake zaune, su koyi al'adar mara lafiya. Mai sukarin Malam ne, mijina, tela. Ni ce dai aka bari da al'adar.

Su biyu ne, da fararen riguna kamar masu yankan nama. Namijin tun daga ƙasan bene ya cire takalmi, ya hau da safa, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara. Sannu Kaka, sannu da gida, sannu da ɗawainiya, sannu da jiya. Na sa masa Sannu-Sannu. Macen siririya ce mai tabarau, ba ta gama sallama ba ta jera atishawa kamar akuya ta shaƙi barkono. Wai turaren wutana ya yi yawa. A gidana! Na sa mata Atishawa.

Daga bakin ƙofar ɗaki suka gaida Malam, yana kwance da bargo har ƙirji. Suka ce yaya jiki, Baba. Ya ce da sauƙi. Sannu-Sannu ya rubuta.

Talata, bayan azahar

Na wanke wurin da ruwan gishiri. Na ƙona tsumman a baranda.

Allura ce fa. Allura ɗaya ta faɗi daga keke, ya taka, ya yini da ita a tafin ƙafar dama bai ji ba. Mutumin da ya rayu da allura. Da farko ɗigo ne kamar cizon sauro a ƙarƙashin babban yatsa. Yanzu ba zan kwatanta ba.

Amininsa Mai Gyaran Agogo da ciwon yatsa ɗaya aka kai shi asibiti, aka dawo da shi wando a naɗe da fil. Bai sake buɗe shago ba, bai kuma daɗe ba. Ranar da muka dawo daga gaisuwa Malam ya riƙe mini wuyan hannu, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini, ya ce, “Rediyo, ko gawata za a sauke daga benen nan, a sauke ta da ƙafa biyu. Ki rantse.” Na ce tsoho, sake ni, kana ji mini ciwo. Ya ce ki rantse. Na rantse.

Alhamis, da hantsi

Sun dawo, wai duk Litinin da Alhamis ne. Na tayar da turare tun kafin na ji su a matakala.

Yau tambayoyi aka kawo. Ruwa yana hawowa sama? Wuta tana zama? Wa ke dafa abinci? Wa ke kai Baba asibiti? Na ce aljanin da ke ƙarƙashin bene, a wuya yake ɗaukarsa. Sannu-Sannu ya yi murmushi, alƙalami a hannu, bai san ko ya rubuta ba. Atishawa ta buɗe mini firji babu neman izini, ta tarar da zare da almakashi da kwalin maɓallai. Na ce tunda ya mutu aka ba shi aikin da zai iya, ba kamar wasu ba.

Na ja Sannu-Sannu gefe da shayi. Yaron kamar rariya yake, ka zuba ka tara. Ya zayyana mini duk abin da malamarsu ta koya musu. Kada ku ƙaryata majinyaci a gidansa. Kada ku shiga ɗaki sai an ce ku shiga. Kada ku raina al'adar kowa, ku tambaya da ladabi, ku rubuta. Na ce Allah ya yi wa malamar nan albarka. Ta ba ni makulli har da jakar sa shi.

Da yarinyar ta ce tana so ta duba ƙafafun Baba, wai haka ake yi wa duk mai sukari, sai na dafa ƙirji. Na ce a zuri'armu ba a kallon ƙafar dattijo ranar Litinin da Alhamis, musamman tela, zare ne zai riƙa tsinke masa har ya mutu. Sannu-Sannu ya rubuta har yana jan layi a ƙasa.

Ta ce, “Kaka, ai ranakun da muke zuwa ke nan.”

Na ce, “To ni na raba ranaku?”

Juma'a, da la'asar

Bai ci ba. Shayi rabin kofi.

Lahadi, da safe

Mai Waya ya kira. Yaya Baba? Da sauƙi. Yaran suna zuwa? Suna zuwa. To madalla, Mama, ina cikin taro. Kullum cikin taro, kamar ƙuda.

Malam ya yini yana zagina, hankalina ya ɗan kwanta. Wai hannuna kamar na maƙeri, wai wuta ce a cikin ƙashin, kamar an sa shi ƙarƙashin keke ana ɗinkawa. Na ce da ka ji allurar tun farko ai da ba a kai nan ba, sarkin ji. Ya ce kashe rediyon nan. Na ce ba ta da makunni, haka ka saye ta.

Litinin, bayan sun tafi

Yarinyar nan ba ta da tarbiyya. Ba ta ce yaya jiki ba yau, ko sau ɗaya. Ta zauna kusa da keken ɗinki, ta shafa yatsa a kan fedar, ta duba yatsan. Akwai rigar wani a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya an haɗa, ɗayan yana lilo. Ta ce yaushe rabon Baba da taka keken nan? Na ce tela sai ya ga dama. Ta kalli takalman bakin ƙofa. Na manta ban ɗauke na daman ba, ya yi ƙura, na hagun kuma fes.

Sai ta ɗauki kwalbar ƙwayoyinsa ta girgiza kusa da kunne kamar mai sayen kankana. Ta ce a cike take. Na ce karanta abin da ku da kanku kuka rubuta a jiki: a sha bayan cin abinci. Ni aji huɗu na yi amma na iya bin doka. In ya ci in ba shi. Ta ce to ba ya ci ke nan? Na ce ni ban ce ba.

Ta cire tabarau ta goge, ta ce, “Kaka, ni ma kaka ce ta raine ni. Ban taɓa jin maganar Litinin da Alhamis ba.”

Na ce, “Kakarki tela ta aura?”

Sannu-Sannu ya dinga taka mata ƙafa. Ta yi atishawa, ta tashi za ta buɗe taga. Na ce taɓa tagar nan ki gani. Ta tsaya da hannu a sama, hancin nan nata yana motsi kamar na zomo. Ta daɗe a haka.

Talata, da magariba

Na sa Mai Waya ya kira makarantar. Na ce yarinyar ta buɗe mini firji, ta ƙaryata ni a gaban mijina, ta raina al'adar gidanmu. Duk gaskiya ne. Wanda ya ce akwai ƙarya a ciki ya nuna mini.

Alhamis, da azahar

Malamar da kanta ta zo. Ta iso sama tana haki, ta riƙe bango, jaka na zamewa daga kafaɗa. Na ce sannu 'yata, haka benen yake gaida manya. Da numfashinta ya dawo ta juya wajen yaran ta ce, kun gani? Wannan matakalar ma tana cikin ciwon. Magani ba a kanti yake ƙarewa ba, sai ya bi hanya, ya hau bene, ya tarar da tukunya ko babu. Na ce a raina, mace mai hankali, saura kaɗan.

Ta ba ni haƙuri da hannu biyu. Ta sa yarinyar ta ba ni haƙuri. Atishawa ta durƙusa, bakinta yana cewa ki yafe mini Kaka, idonta yana kan ƙofar ɗaki. Ta ɗago ta ce, “Malama, akwai wari ƙarƙashin turaren nan.” Malamar ta ce, fita ki jira ni a ƙasa.

An cire ta daga gidanmu. An ce za a ba ta wani gida.

Malamar ta leƙa daga bakin ƙofa ta ce yaya jiki, Baba. Ya amsa mata.

Na ci nasara. Na rubuta a nan don a sani.

Juma'a, da safe

Turaren ya kusa ƙarewa.

Lahadi, da la'asar

Jikinsa kamar murhu. Matar mai kantin ƙasa ta tsayar da ni a matakala wai ko ɓera ya mutu mana a sama. Na ce eh, ɗan'uwanki ne, ki zo ki ɗauki gawa.

Litinin, da hantsi

Sannu-Sannu shi kaɗai. Ya kawo mini takarda mai hoton abincin da ya dace da mai sukari, kifi da ganye da wasu 'ya'yan itatuwa da ban taɓa gani ba ko a mafarki. Na ce in dafa takardar ko in soya? Ya yi dariya ya ce Kaka kin cika barkwanci. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, yaya jiki Baba. Malam bai amsa ba, ni na amsa masa. Ya rubuta.

Na bi shi da ido har ya sauka. Yaro mai kirki. Da na samu muciya da na kwaɗa masa.

Laraba

Bai zage ni ba yau.

Alhamis, da azahar

Sannu-Sannu. Sannu, sannu, sannu. Na ƙara masa wata al'adar: ba a yi wa tela sallama sau biyu in yana barci. Ya tafi da wuri.

Asabar, da safe

Alhamdulillahi! Ya daina ciwo. Na wanke wurin bai ko motsa ba, na danna bai ce uffan ba. Ya yi barci har da minshari. Ashe ruwan gishirin yana aiki, haƙuri kawai yake so. Su zo su gani, masu fararen riguna. A'a, kada su zo.

Asabar, bayan magariba, a kan bencin asibiti

Atishawa ta zo da hantsi. Babu farar riga, babu takarda, atamfa ce a jikinta kamar 'yar mutane. Na buɗe ƙofa na ce ba an kore ki ba? Ta ce an kori ɗaliba, ni gaisuwa na zo. Ba ta yi atishawa ba, don babu turare.

Ta ce, “Kaka, yau Asabar ce. Al'adar ba ta hana ba.”

'Yar banza. Da igiyata ta ɗaure ni.

Amma ina cikin murna, na ce shigo ki sha shayi, kin makara, sauƙi ya riga ki zuwa. Na ce da sauƙi, kuma wallahi yau ban yi ƙarya ba, ya daina jin zafi gaba ɗaya. Na zaci za ta ji kunya. Sai na ga ta ajiye kofin a hankali kamar zai fashe.

Ta ce, “Wane launi yake?”

Na ce ina ruwanki da launi, rini kika koya?

Ta ce, “Kaka, ciwon da ya yi baƙi ya daina zafi ba warkewa yake ba. Wurin ne ya mutu. Kuma ba ya tsayawa inda yake, hawa yake yi.”

Na zage ta. Na zagi uwarta da kakar da ta raine ta da makarantar da ta ba ta tabarau. Ta tsaya tana shan zagin kamar bango. Da na gaji ta wuce ni ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba ta shiga ba, ta ce Baba, ka ba ni izini in ga ƙafarka. Ya buɗe ido ya dube ta, ya ce, “Hajiya, ban gama kayanki ba, ki dawo jibi. Hannu ɗaya ya rage.” Ya dube ni ya ce yarinya, kawo wa baƙuwa kujera.

Yarinya. Bai san ni ba.

Ta ce ba za ta taɓa bargon ba, ba gidanta ba ne. Ta ce in na ce ta tafi za ta tafi, amma daga matakala za ta kira ɗana, kuma ta gaya mini ne don kada in ce ta yi a ɓoye.

An yaye bargon. Ba zan rubuta wanda ya yaye ba.

Mai kantin ƙasa da wani direba suka sauko da shi a kan kujerar ɗinkinsa, suna karkata ta a kowace kwana. A tsakiyar bene iska ta buge shi, hankalinsa ya dawo. Ya dubi bango, ya dubi mutanen, ya ɗaga kai ya nemo ni a sama. Bai ce komai ba. Da ma ya zage ni.

Lahadi, da azahar

Mai Waya ya iso da jikinsa. Ashe ya yi tumbi. Ya tsaya a kaina yana Mama me ya sa, Mama me ya sa, kullum in na tambaya sai ki ce da sauƙi. Na ce kai kuma kullum sai ka ce madalla. Ya fita ya amsa waya.

Likita ya zo da alƙalami ya ja layi a fata, yadda Malam ke jan alli a yadi. Ban kalli inda layin ya tsaya ba.

Na kalla. Ƙasan gwiwa.

Wai da an ƙara kwana kaɗan ba maganar ƙafa za a yi ba. Kowa ya iya faɗin haka bayan an gama.

Litinin

An yi.

Laraba, da la'asar

Nas ɗin ɗakin nan tana tafiya kamar ita ta gina asibitin. Ta hana ni kwana a ƙasan gado. Na gaya mata a zuri'armu matar da ta bar mijinta ya kwana shi kaɗai a baƙon wuri, gashin wanda ya hana ta ne ke zubewa. Ta ce ita hular gashi take sawa. Wannan ba ta je ajin malamar ba.

Yana cin abinci in Mai Waya ya ba shi. In ni ce sai ya rufe ido.

Alhamis, da hantsi

Malamar ta zo da Sannu-Sannu, da lemo a leda. Idonta ya faɗa. Ta ce ita ta yi kuskure, ta koya musu ladabi ta manta ta gaya musu inda ladabi yake tsayawa. Na ce ba ni kika yi wa ba, je ki gaya wa gwiwar can. Ta ce tana roƙo, in komai ya lafa, in zo ajinsu in yi wa ɗalibai magana, don su ji daga bakina. Na ce ni ba biri ba ce da za a kai kasuwa. Abin da ke bakina ai shi yaronki ya yi ta rubutawa.

Sannu-Sannu ya tsaya baya har ta fita. Ya durƙusa ya ce Kaka, maganar Litinin da Alhamis ɗin nan, na riga na karanta wa 'yan ajinmu, har an tafa mini. Gaskiya ce?

Na ce, “Har da Laraba, in akwai hadari.”

Ya kai hannu aljihu wajen alƙalami. Sai ya tsaya. Ya fashe da kuka a gaban mutane, ƙaton namiji. Na ce tashi, mijin nawa, kana zubar mini da mutunci. Na ba shi lemo ɗaya daga nasu.

Asabar, da la'asar

Atishawa ta zo da shayi a fulas. An wanke ta a makaranta, wai har malamar ta sa ta tsaya gaban aji a yaba mata. Na ce sai ki sa a firam. Ta zauna a bencin, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce akwai ƙafar roba, akwai keken ɗinki mai aiki da wuta, amma benen ne matsala, sai an nemi ɗaki a ƙasa. Na ce wa ya tambaye ki? Ta ce babu. Na ce kin raba ni da mijina. Ta ce na sani, Kaka.

Ban yafe mata ba. Na dai sha shayin. Sukari ya yi kaɗan.

Litinin, da safe

Na zo da wuri kafin nas mai hular gashi ta kama aiki. Yana kwance fuska ga bango. Bargon ya tashi a hagu, a dama ya kwanta shafal tun daga gwiwa. Na gyara masa matashi bai hana ni ba. Na ce tsoho, rediyonka ce, an kunna. Shiru. Na ce ka zage ni mana, ka ce na ci amana, ka ce hannuna na maƙeri ne, kowa ya ji. Shiru.

Na zauna. Na rasa abin faɗi, ni. Sai bakina ya ɗauko abin da kowa ke ɗaukowa, na ce, “Malam, yaya jiki?”

Ya amsa. Bai juyo ba, amma ya amsa, da murya mai ladabi, irin wadda yake yi wa masu kawo ɗinki. Tun da aka kawo ni gidansa mutumin nan bai taɓa ɓoye mini ko ciwon haƙori ba. Yau ya sakar mini labulen, na tsaya a waje tare da malamar da Sannu-Sannu da Mai Waya.

Amsar kacici-kacicin ita ce “da sauƙi”. Baƙo ake ba.